Aikatau mai ɗan rakiya a Ingilishi: ta ƙofar Hausa ya kamata mu shiga

Ɗalibin Nijar yana fara Ingilishi tun ajin farko na kwaleji, kuma kafin ya riƙe takardar bakaloriya ya shafe shekara bakwai yana karanta shi. Amma a ce masa "The meeting was called off", sai ka ga ya yi tsuru-tsuru. Ya san "call" kira ne, ya sha ganin "off" a jikin rediyo, sai dai haɗuwar biyun ba ta gaya masa cewa an soke taron ba. Irin wannan aikatau da ke tafiya da ƴar ƙaramar kalma a bayansa shi Turawa ke kira "phrasal verb". A nan zan kira shi aikatau mai ɗan rakiya. Ra'ayina shi ne hanyar da muke bi wajen koyar da shi, wato ta Faransanci, ita ce ta fi kowace nisa, alhali harshen da yawancinmu muka tashi da shi yana da ƙofar da ta fi kusa.

Kada a ɗauka ado ne na magana wanda za a iya tsallakewa. A 2007 Dee Gardner da Mark Davies sun bincika taskar rubutu da zance ta Birtaniya mai kalmomi kusan miliyan 100, suka gano cewa mai koyo zai riƙa cin karo da irin wannan aikatau kusan sau ɗaya a kowace kalma 150. Sun kuma nuna cewa aikatau 20 kacal, idan suka haɗu da ƴan rakiya 8, su ne ke ba da fiye da rabin duk waɗanda suka ƙirga. Bature da safe "gets up", ya "put on" rigarsa, ya "pick up" yara, mai ya "run out" a hanya, da dare ya "turn off" fitila. Yininsa kaf a kan waɗannan kalmomi yake tafiya.

To mu me muke yi? Ɗalibin da ya yi karatunsa da Faransanci yana da wata taska da ke ruɗinsa. Ingilishi ya ari dubban kalmomi daga Faransanci da Latin, don haka kusan duk lokacin da ya nemi aikatau sai ya tarar da wani mai kama da wanda ya sani: "abandon" maimakon "give up", "tolerate" maimakon "put up with", "descend" maimakon "get off". Jimlar takan fito daidai a nahawu, malami ya ba da maki, kowa ya tashi lafiya. Sai ranar da ya ce zai "extinguish" talabijin, ko ya ce ba ya iya "support" zafin Afrilu, domin "supporter" na Faransanci ya ja shi cikin rami. Wannan kauce-kauce sananne ne a fagen koyon harshe na biyu. Tun 1985 Menachem Dagut da Batia Laufer suka nuna cewa ɗalibai masu jin Ibrananci, harshen da ba shi da irin wannan gini, suna gudun aikatau mai ɗan rakiya su kama mai kalma ɗaya. Namu ya fi nasu sauƙin faɗawa, tunda Faransanci yana miƙo mana mafakar a shirye.

Yanzu mu dubi Hausa. Tun 1960 F. W. Parsons ya tsara aikatau na Hausa a rukuni bakwai, kuma duk wanda ya zauna ajin nahawu ya san abin da ɗafa-ƙeya ke yi wa ma'ana. Wanda ya ci tuwo mai yiwuwa ya rage, wanda ya cinye kuwa bai bar komai ba. Haka sha da shanye, haka saya da saye. Wannan ma'ana ta ƙarewa ƙaf, ta rukuni na huɗu, ita ce aikin da "up" ke yi a "eat up", "drink up", "buy up" da "use up". Malamin da ya tsaya yana bayani da Faransanci dole ya kewaya, ya kawo "tout" ko "complètement" ko "finir de", yaro kuma ya ci gaba da mamakin abin da ya haɗa sama da cin abinci. Da zai ce masa "eat up" cinye ne, da zance ya ƙare cikin daƙiƙa ɗaya, har yaron ya iya hasashen "burn up" da "dry up" da kansa, tunda ya san ƙone da bushe.

Rukuni na biyar ma haka. Paul Newman ya bayyana shi a matsayin mai nuna aikin da ke fita daga wajen mai yin sa: zubar da, jefar da, bayar da, sayar da. A sa su gefen "pour away", "throw away", "give away", "sell off", a ga yadda suka yi layi. Abin da Ingilishi ya rataya wa ƙaramar kalma mai zaman kanta, Hausa ta manna shi a ƙeyar aikatau.

Akwai kuma dokar da ke kayar da ɗalibai a jarrabawa kowace shekara. Ana cewa "turn off the radio" ko "turn the radio off", amma da zarar wakilin suna ya shigo, sai "turn it off" kaɗai. A Faransanci babu abin da za a jingina wannan da shi kai tsaye. Bahaushe kuwa ya saba da cewa irin karɓau yana sauya siffar jimla: na sayi rago, na saye shi, shi na saya. Dokar ba ɗaya ba ce, amma tunanin cewa suna da wakilinsa ba sa samun kulawa iri ɗaya ba baƙo ne gare shi ba.

Ban ce kwatancin ya dace ta ko'ina ba. Wajen nuna alkibla, Hausa ta fi kama da Faransanci: shiga, fita, hau, sauka suna ɗauke da hanyar a cikin jikinsu kamar "entrer", "sortir", "monter", "descendre", yayin da Ingilishi ke barin ta ga "in", "out", "up", "down". Sannan akwai tarin waɗanda ma'anarsu ta yi nisa da sassanta, irin su "give up", "put off", "turn down", waɗanda babu ɗafa-ƙeyar da za ta buɗe su. Amma ko a nan, wa ya kai mu sanin aikatau ɗaya mai fuska goma? Muna cin abinci, mu ci jarrabawa, mu ci kasuwa, a ci amana, a ci sarauta, a ci gaba. Muna shan ruwa, mu sha wahala, mu sha kashi. Ba mu taɓa tambayar me ya haɗa amana da tauna ba. Mun riƙe su dunƙule, kowanne da wurin da ake faɗinsa. Haka ya kamata a koyar da "get" da "put" da "take", cikin jimlar da ake faɗa a kasuwa da asibiti da tasha, maimakon jerin kalmomi hamsin da ake haddacewa daren jarrabawa.

Wani abin lura daga maƙwabta: ɗan Maraɗi da ke zirga-zirga zuwa Katsina da Kano ya sha jin ana cewa "off the light" ko "on the fan". Malaman makaranta suna jan layi ja a ƙarƙashin wannan, amma ga mai nazarin harshe shaida ce mai daraja. Masu magana sun gane cewa nauyin ma'anar yana kan ɗan rakiyar, har suka sallami aikatau ɗin suka ba shi kujerarsa.

Na san abin da wasu malamanmu za su ce. Na farko, aji a Yamai ya haɗa Zabarmawa da Fulani da Abzinawa da Barebari, don me za a fifita Hausa? Amsata ita ce a Damagaram da Maraɗi da Tawa mafi yawan ɗalibai suna jin ta, kuma inda ba haka ba, aikinmu ne mu ƴan kimiyyar harshe mu yi irin wannan kwatanci da sauran harsunan ƙasa. Rashin yin sa da Zabarmanci bai zama dalilin hana shi da Hausa ba. Na biyu, za a ce rubutun ilimi ya fi son kalmomin Latin, kuma shi ɗalibin jami'a ke bukata. Akwai gaskiya a ciki, sai dai duk wanda ya buɗe mujallar bincike zai tarar da "carry out", "point out" da "set up" a shafin farko. Kuma ɗalibin da zai nemi gurbin karatu a Gana ko Najeriya, ko aiki a wata ƙungiyar agaji, da baki za a fara gwada shi kafin a karanta rubutunsa.

Kundin Sake Gina Ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Harsuna biyu daga cikin ukun nan ba su cika haɗuwa a aji ba sai da tafinta a tsakaninsu. Abin da nake nema a wajen sashenmu ƙarami ne: a ba ɗalibai biyu ko uku masu neman batun kundin digiri na biyu aikin ɗaukar aikatau 150 da Mélodie Garnier da Norbert Schmitt suka tace a 2015 a matsayin waɗanda aka fi amfani da su, su bi ma'anoninsu ɗaya bayan ɗaya, su ware waɗanda rukunan aikatau na Hausa ke fassarawa kai tsaye daga waɗanda sai an haddace, sannan a gwada sakamakon a aji biyu na kwaleji, ɗaya ta Hausa ɗaya ta Faransanci, a ƙirga.