WA ZAI CE WA MAI KARATU A KARAYE DA ROGO "GA NA GABA"?

 

Yawancin hirarmu a nan ta yadda ake rubutu ce: ƙa'idojin rubutu, tsara jigo, gina tauraro, yadda ake buɗe labari. Yau muna so mu waiwayi abin da ke faruwa bayan an ajiye alƙalami. Littafi ya kammala, marubuci ya yi hamdala. To wa zai ɗauke shi ya sa a hannun wanda zai ji daɗinsa? Ra'ayinmu shi ne wannan aikin ya kusa rasa mai yi a garuruwanmu, kuma kaso mafi tsoka na gyaran yana wuyanmu mu marubuta.

Mu ɗauki Karaye da Rogo, ƙananan hukumomi biyu da ke yammacin jihar Kano, waɗanda su ne suka haɗu suka zama masarautar Karaye a tsarin da aka yi a 2024. Mai son karatu da ke Zarewa ko Fulatan ko Yammedi yana nesa da Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad da ke birnin Kano, yana kuma nesa da shagunan littattafai na Kasuwar Sabon Gari. Zuwa can aiki ne na yini guda da kuɗin mota. Abin da ke kusa da shi waya ce, sai malamin Hausa na makarantarsu, sai yaya ko ƙawa da ta riga shi fara karatu. Idan waɗannan ba su san abin da za su nuna masa ba, duk abin da ya faɗo wayarsa shi zai karanta.

A shekarun 1990, lokacin da adabin kasuwar Kano ke tashe, akwai mai wannan aikin, ko da yake ba wanda ya kira shi ma'aikacin laburare. Shi ne mai hayar littattafai. Ya san kowane littafi da ke kan igiyarsa, ya kuma san gidajen da ake aiko yara. Ya san wadda ba ta son labarin da ya ƙare da mutuwa, ya san saurayin da in ba littafin yaƙi na Abdul'aziz Sani Madakin Gini ba, ba ya karɓa. In aka dawo masa da In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, kafin a tambaya ya miƙo na gaba. Riba yake nema, gaskiya ne, amma ribarsa ta rataya ne a kan kada ya ba mutum abin da zai ajiye a shafi na goma. Da karatu ya koma cikin waya, littattafan sun bi mu zuwa WhatsApp da Facebook da Wattpad. Ilimin mai haya kuwa a ƙwaƙwalwarsa yake, can aka bar shi.

A wasu ƙasashen wannan aikin fanni ne da ake koya. Tun a 1931 wani masanin laburare ɗan Indiya, S. R. Ranganathan, ya fitar da dokoki biyar na aikin ɗakin karatu. Ma'anar uku daga ciki ita ce kowane mai karatu akwai littafin da ya dace da shi, kowane littafi akwai mai karatun da yake jira, kuma kada a ɓata wa mai karatu lokaci. A 1989 wasu ma'aikatan laburare biyu a Amurka, Joyce Saricks da Nancy Brown, suka wallafa littafi kan yadda ake yi wa mai karatu jagora. Abin da Saricks ta fi shahara da shi shi ne cewa jigo kaɗai ba ya isa a gane abin da mutum yake so. Sai an duba saurin tafiyar labari, da yadda aka gina mutanen ciki, da yadda zaren labarin yake, da irin duniyar da aka saka mai karatu a ciki. Littattafai biyu duk suna iya zama na kishiya, ɗaya ya sa ki dariya har hawaye, ɗayan ya hana ki barci. Wadda ta so na farko ba lallai ta so na biyu ba.

A kan wannan tunanin aka gina kayan aikin da ke intanet yau. Akwai NoveList na kamfanin EBSCO, wanda ɗakunan karatu ke biyan kuɗi su yi amfani da shi: ma'aikaci ya rubuta sunan littafin da mutum ya so, sai a jero masa masu kama da shi da dalilin kamannin. Akwai LibraryThing da aka buɗe a 2005, da Goodreads da ya fara aiki a 2007 kafin Amazon ya saye shi a 2013, inda masu karatu da kansu ke ba da maki su rubuta sharhi. Akwai WorldCat, wanda ke nuna ɗakin karatun da ke da kwafin littafi a ko'ina cikin duniya, da Open Library wanda burinsa kowane littafi ya samu shafinsa.

Duk waɗannan ba tsafi suke yi ba. Abin da aka zuba musu shi suke juyawa. Wani ne ya zauna ya rubuta sunan littafi, da mai shi, da shekara, da irin labarin, da shekarun waɗanda ya dace da su. Inda ba a rubuta ba, na'ura ba ta da abin cewa. Malamin Hausa da aka damƙa wa makullin ɗakin littattafai a wata sakandare a Rogo zai iya samun jerin littattafan Turanci na 'yan shekara goma sha uku cikin minti biyu. Ya nemi irin wannan jerin na ƙagaggun labaran Hausa, sai ya koma kan abin da shi kansa ya karanta yana ɗalibi: Magana Jari Ce, Ruwan Bagaja, Iliya Ɗan Maiƙarfi. Littattafai ne masu daraja, da tsohuwar zuma ake magani. Amma yaron da ya gama su fa? Ina namu da muka rubuta a shekarun nan?

An taɓa yi mana irin wannan aikin. A 2004 Graham Furniss da Malami Buba da William Burgess suka fitar da kundin sunayen ƙagaggun littattafan Hausa da suka fito daga 1987 zuwa 2002, sama da 700. A Jamus aka buga shi. Farfesa Abdalla Uba Adamu da Farfesa Yusuf Adamu da Farfesa Ibrahim Malumfashi sun yi shekaru suna rubutu da muhawara a kan wannan adabin, shi ya sa tarihin wancan zamani bai ɓace ba. Namu zamanin ya fi wancan yawan rubutu, ya kuma fi shi sauƙin ɓacewa. Wancan takarda ce, ko ta yage ana samun rabinta a ƙasan akwati. Namu kuwa fayil ne da ke yawo daga zaure zuwa zaure, wani lokaci an goge sunan mai shi, wani lokaci an canja masa suna, ba shekara, ba alamar ko an kammala. Kuma mun ga abin da ya faru da OkadaBooks, manhajar da marubutan Hausa da dama suka sa littattafansu a ciki: an rufe ta a ƙarshen Nuwamban 2023. Wanda bai ajiye bayanin littafinsa a wani wuri ba, shagonsa ya tashi da dare.

Abin da za a rasa ya wuce suna da ɗaukaka. Uwa a Karaye ta ɗauki wayar 'yarta mai shekara goma sha huɗu, ta ci karo da labarin da aka rubuta don matan aure. Ba za ta tsaya bambance marubuci da marubuci ba. Hukuncin da za ta yanke shi ne littattafan Hausa ɓata tarbiyya suke, a daina karanta su gaba ɗaya. Da akwai jerin da malami ko yaya za su duba su ce ga waɗanda suka dace da shekarunta, da an tsira da mai karatu guda, da mu ma mun tsira da mutuncinmu. Sabon marubuci shi ma yana cikin asara. In ba hanyar gano littafi sai yawan mabiya, wanda ya riga ya yi suna shi za a yi ta karantawa, wanda ya fara jiya a Gwangwan kuwa ko ya fi kowa iya tsara magana, 'yan ajinsu ne kawai za su sani.

Ga abin da muke ganin ya kamata, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu.

Na farko, kowane littafi ya fito da katin shaidarsa a shafin farko: sunan littafi, sunan marubuci ko laƙabin da ya tsaya a kai, shekarar da aka gama, yawan shafuka ko babi, an kammala ko ana kan rubutawa, na kyauta ne ko na kuɗi, da inda ake samunsa ta halal. A ƙara da layi uku kan irin tafiyarsa: mai sauri ne ko mai bi a hankali, na raha ne ko na tausayi, da shekarun da ya dace da su. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In ka san akwai wurin da ba za ka so ƙanwarka ta karanta ba, rubuta cewa na manya ne. Faɗin haka ba ya rage maka ciniki a wurin waɗanda ka rubuta dominsu.

Na biyu, mu koyi rubuta "in ka so wancan, gwada wannan", tare da dalili. Wanda ya ji daɗin wayo da dabarun da ke cikin Ruwan Bagaja, a nuna masa Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, wanda ya fito daga gasa ɗaya da shi ta 1933. Matashin da ke mafarkin barin ƙauye ya tafi birni, a ba shi Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo. Mutanen Rogo su kwantar da hankali, rogon ci ake nufi. Mai son ganin yadda 'yan fasa-ƙwauri da cin hanci ke cinye al'umma, ga Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina. Wadda ke son labarin macen da aka kora da 'ya'ya ta tsaya da ƙafarta, ga Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda har aka fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Sannan kowane tsohon littafi a rataya masa sabo guda biyu daga na yanzu. Ta haka tsoho zai jawo yaro zuwa ga sabo.

Na uku, mu kai bayanan inda za su daɗe. Open Library yana ba duk mai rajista damar ƙara littafi kyauta. Wanda ya buga a takarda ya nemi lambar ISBN daga Ɗakin Karatu na Ƙasa, ya kuma kai kwafi uku da dokar 1970 ta ɗora wa mai wallafa. Malaman firamare kuwa su leƙa African Storybook da StoryWeaver, akwai labaran yara da Hausa kyauta, an kuma rarraba su gwargwadon matakin karatun yaro. Mu lura da wannan rarrabawar, ita ce darasin.

Za a ce mana data tsada take, kuma sabis ba ko'ina yake ba. Haka ne. Shi ya sa jerin bai kamata ya tsaya a intanet ba. Mutum ɗaya ya sauke, a buga shi a takarda biyu a shagon kwamfuta, a manna a ƙofar ɗakin karatun makaranta ko a ba malamar Islamiyya. Intanet rumbu ne, mutum ne zai ɗebo ya kai gida.

Za a kuma ce jerin zai koma yabon juna, kowace ƙungiyar marubuta ta cika shi da 'ya'yanta. Wannan tsoron yana da tushe, mun san halinmu. Maganinsa ƙa'ida ce tun daga farko: ba mai rubuta sharhin littafinsa, ba mai rubuta na wanda bai karanta har ƙarshe ba, kuma kowane sharhi ya faɗi wanda littafin ba zai yi wa daɗi ba. "Ya yi ma'ana, Allah ya ƙara basira" addu'a ce mai kyau, amma ba ta gaya wa malamin Karaye ko ya ba ɗan aji uku. Sannan jerin ya nuna inda ake saye, kada ya zama wata kafar raba littattafan kuɗi a ɓagas.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In mutum 50 daga cikinmu kowa ya ɗauki littafi ɗaya a wata, a shekara mun tara bayanin littafi 600, kusa da abin da waɗancan masana uku suka tattara na shekara 15. Aikin wannan mako ke nan: kowa ya zaɓi littafin Hausa ɗaya da ba nasa ba, ya rubuta masa katin shaida, ya faɗi wanda zai so shi da wanda ba zai so shi ba, ya kuma ambaci littafin da ya kamata ya biyo bayansa. 'Yan uwanmu na Karaye da Rogo, ku ƙara da tambayar malaman Hausa na makarantunku irin littattafan da ɗalibai ke nema suna rasawa, domin mu fara da su.