Sa Hannun Gwamna Ba Ya Kashe Wari

Fatakwal da Anacha da Inugu, duk girmansu, babu ɗaya da ke da bututun ƙarƙashin ƙasa mai kwashe bahayar gari gaba ɗaya. Kowane gida da shaddarsa. In ta cika a kira mota ta zuƙe, mai gida ya biya, ya toshe hanci, ya rufe ƙofa. Inda motar ta nufa ba ruwansa. A Fatakwal gwamnatin Rotimi Amaechi ta gina matatar ruwan ƙazanta a Eagle Island, can bayan jami'ar jihar Ribas, domin motocin su riƙa juyewa a wurin. Abin da bai isa can ba, da abin da ake zuƙowa a sauran garuruwan, yana ƙarewa a rafi, ko babbar kwata, ko wani kwari a gefen gari. To gefen garin nan shi ne inda ake yanka mana filaye, mu kuwa muna ta rububi.

Duk wanda ya tsara matatar ƙazanta ko jujin gwamnati yakan bar sarari a kewaye, ba gida ba rumfa. Ba don ado ake barinsa ba. Ruɓaɓɓiyar ƙazanta tana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, mai sa ciwon kai da yajin ido, wadda kan sumar da mutum in ta taru a rami. Ƙuda yana tashi daga can ya sauka a tuwon yara. In aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, tafkunan su cika su tumbatsa, sararin nan ne ke shanye ambaliyar kafin ta kai ɗakin wani. Ranar da gari ya ƙara girma kuma, a nan za a faɗaɗa aikin. Amma a idon mai neman kuɗi, fili ne kawai yake zaman banza. Tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, filayen birane suna hannun gwamna a matsayin amana, shi ke bayarwa, shi ke ƙwacewa. Saboda haka sauya wuri daga "ba a gini" zuwa "unguwar zama" bai fi aikin biro ba. Dokoki kam akwai su: a 1992 kaɗai an yi ta tsara birane, an yi ta auna illar manyan ayyuka ga muhalli, a 2007 kuma aka kafa hukumar kula da muhalli ta NESREA. Jami'in da ya san duk wannan, ya kuma sa hannu aka yanka filoti a gindin tafkin bahaya, ya ci amana, kuma ya sani, tunda ba a nan zai ajiye iyalinsa ba.

Sai dai ba da shi nake ba yau. Da mu nake.

Wane ne ke fara kafa rumfar langa-langa a bakin juji? Mu. Wane ne ke kawo dillali ya ce wa ɗan uwansa, "Alhaji, wannan dama ce, rabin kuɗi, warin ma da damina ne kawai"? Namu ne, a sahu ɗaya muke salla da shi. Ya karɓi la'adarsa, ya aika gida ana yi masa gini a Kano ko Sakkwato a wuri mai iska, ya bar wanda ya yarda da shi yana yini da turaren wuta a ɗaki. Mai sayen ma ba yaro ba ne. Mutumin da zai duba haƙoran sa, ya taɓa tozonsa, ya zagaya shi sau uku kafin ya taya, shi ne zai sayi wurin kwanan 'ya'yansa ba tare da ya tambayi ina ruwa ke bi in an yi ruwan sama ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Dubi ƙasar da ake wannan gangancin a kanta. A Fatakwal ruwan sama ya haura milimita 2,000 a shekara, ya ninka na Kano fiye da sau biyu, ruwan ƙasa kuma yana kusa ƙwarai, ba ka yi nisa da haƙa ba ka tarar da shi. Ma'aikatan lafiya kan ce a bar tazarar mita 30 tsakanin masai da rijiya. A filotin awon igiya da aka raba wa mutum huɗu, ina mita 30 ɗin? Masai yana nan, rijiya tana nan, katanga ɗaya ta raba su, ga kuma abin da ke tsatsowa daga tafkin gwamnati. A Inugu matsalar ta sha bamban amma ƙarshenta ɗaya: ƙasar garin ba ta ba da ruwan burtsatse da sauƙi, jama'a sun dogara da tanka da ƙananan rijiyoyi marasa zurfi, irin waɗanda ƙazanta ke saurin kaiwa gare su. Kuma yawancin masu tura kurar ruwa suna sayarwa gida-gida yaranmu ne. Ranar da amai da gudawa ya ɓarke, a ƙofar wa kuke tsammani za a fara tsayawa? A 2021 kwalara ta kama mutum sama da 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 3,500, kuma jihohinmu na Arewa ne suka fi jin jiki. Mun san cutar nan, mun binne mutane da ita. Ba mu da hujjar cewa ba mu sani ba.

Abin kunyar shi ne ilimin yana hannunmu tun muna ƙanana. Yaron da ya fara Ishmawi ya san ruwan da najasa ta canza masa launi ko ɗanɗano ko wari ba ya alwala, ba ya girki. Malam ya karantar da wannan babi da hantsi, da azahar a ɗebo ruwan buta daga rijiyar da ke kallon kwata, kowa ya yi shiru. A tara miliyoyi a yi wa masallaci tayil da fanka, amma a rasa mai cewa a ɗauki kwalba ɗaya ta ruwan rijiyar a kai a gwada.

Anacha kuwa ba ta buƙatar a yi mata ƙari. A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a kan gaba cikin biranen duniya wajen ƙurar da ke cikin iska, kusan ninki 30 na abin da hukumar ta ce jiki zai iya ɗauka. Rafin Nwangene da ke gangarawa Kogin Kwara ya daɗe da zama makwarar shara da dagwalon kasuwanni, unguwar Okpoko kuma kowace damina tana iyo. A 2012 da 2022 kogin ya cika ya shiga gidajen da ke ƙasa-ƙasa. Mutumin da ya yini yana shaƙar hayaƙin manyan motoci a bakin gada yana dako ko sayar da albasa, in dare ya yi ya cancanci ɗakin da zai numfasa. Mu kuwa mu nema masa mafi arha, wato mafi kusa da rafin.

Na san amsar da ake bayarwa, na sha jin ta: "Mu baƙi ne, neman abinci ya kawo mu, ba zama ba." Wannan baƙunta ta haifi 'ya'ya, ta aurar da su, ta ga jikoki. Ama Hausa a Inugu ba jiya aka kafa ta ba, haka masallacin Bida Road a Anacha. A garin Inugun nan ne Malam Umaru Altine, mai fataucin shanu daga lardin Sakkwato, ya shiga jam'iyyar NCNC har ya zama magajin garin farko a shekarun 1950, da ƙuri'un mutanen gari. Shi ya zauna a kujerar da ake yanke inda za a yi kasuwa da inda za a zuba shara. Jikokinsa na yau ko ofishin tsara gari ba su san hanyarsa ba. Gaskiya ne akwai tsoro, wanda ya ga rikicin Anacha na Fabrairun 2006 ba zai raina shi ba. Amma tsoron bai hana mu zuwa gidan gwamnati gaisuwar salla da ɗaukar hoto ba. Tambayar taswira ce kawai yake hana mu.

Kuma arahar da muke bi ba ta ma dawwama. Wurin da aka kafa a kan kwata ko a gindin juji, shi ne farkon wanda katafila ke ziyarta, hujja kuma a shirye take: ƙazanta da ɓata-gari. An rushe unguwar Njemanze a Fatakwal a 2009, an rushe ta Abonnema Wharf a 2012, 'yan haya suka watse da ƙullin kayansu. A 2021 gwamnatin Nyesom Wike ta tashi mayankar Trans-Amadi, inda mahautanmu da 'yan tiredarmu suka shekara da shekaru. A ƙarshen 2016 an rufe kasuwar New Artisan a Inugu. Kowane da dalilin da aka bayar, amma a duk lokacin da aka ce mana ku matsa, sai mu tambayi kwana nawa aka ba mu, ba mu tambayi me ke kusa da inda za a kai mu ba. A Legas, jujin Olusosun yana bayan gari lokacin da aka fara zuba shara a cikinsa. Gidaje suka bi shi suka kewaye, a 2018 ya kama da wuta, hayaƙi ya turnuƙe unguwanni kwana da kwanaki. A Adis Ababa, tudun shara na Koshe ya zaftare a Maris 2017 ya binne mutum sama da 100 da ke zaune a gindinsa. Jujin Ugwuaji a gefen babban titin Inugu zuwa Fatakwal shi ma ya bi wannan sahu, sababbin rukunin gidaje suka yi ta matsowa kusa da shi.

Sarakunan Hausawa, Allah ya ja zamaninku, da ku shugabannin kara da na kasuwa, wannan nauyin naku ne. Ku ake kira in za a ba al'umma sabon matsuguni, ku ke sa hannu a madadin dubban mutanen da ba za su taɓa ganin takardar ba. Cikin 'ya'yanmu da aka haifa a can akwai lauyoyi, akwai injiniyoyi, akwai masu jin Ibo da Ikwerre kamar 'yan gari. Ku tafi da su. A ga taswirar wurin da hatimin ofishin tsara gari, a san tazararsa da tafkin ƙazanta, a je a gan shi a watan Yuli ba a watan Janairu ba, a gwada ruwan ƙasarsa. In bai yi ba ku ce bai yi ba, ko da kwamishina ne zaune a gabanku. Dillalin da ya sayar wa ɗan uwa fili a bakin kwata yana sane, a kira shi gaban jama'a bayan sallar Juma'a, ya mayar da la'adar.