Sanƙarau: lissafin masana na buƙatar rajistar malamin makaranta

A watan Afrilun 2015 gwamnati ta rufe makarantun Yamai saboda sanƙarau. Tun daga lokacin, da hazo ya turnuƙe nakan ƙirga guraben da babu kowa a ajina, gabana yana faɗuwa.

Masana na ƙoƙarin hango annobar kafin ta iso, da lissafin kwamfuta mai haɗa matakai huɗu. Na farko maƙogwaro, inda ƙwayar cutar ke zaune a jikin mutane da yawa ba su sani ba. Ana ganin busasshiyar iska da ƙura ne ke raunana fatar wurin har ƙwayar ta shiga jini. Na biyu ɗaki, inda cunkoso da tari ke yaɗa ta. Na uku gunduma, inda hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta sa ma'auni: mutum 3 cikin 100,000 a mako gargaɗi ne, 10 kuwa annoba. Na huɗu sararin sama: zafi, danshi da ƙurar Sahara, waɗanda cibiyar ACMAD ta Yamai ke bibiya.

A ganina, raunin lissafin yana tsakanin ɗaki da gunduma. Ƙauye ɗaya na iya kamawa da wuta alhali jimillar gunduma ba ta kai 10 ba. Wa ke fara gani? Malamin da ya kira suna da safe, yara biyar na unguwa ɗaya ba su amsa ba.

Za a ce malami ba likita ba ne, kuma kasuwa da kiwo ma na hana yaro zuwa lakwal. Gaskiya ne. Amma ƙirga nake so mu yi, ba magani ba. Allurar MenAfriVac da aka fara a 2010 ta karya lagon nau'in A, sai ga nau'in C a 2015. Ashe alƙaluman jiya kaɗai ba su isa ba.

Shawarata: makarantun horon malamai su koyar da alamomin ciwon, wato zazzaɓi mai zafi, ciwon kai da sanƙarewar wuya. Daga Janairu har saukar damina, kowane darakta ya aika wa likitar da ke kusa adadin yaran da ciwo ya kwantar a mako. Wanda aka ga alama a jikinsa kuwa, a kai shi ranar, kada a jira ƙarshen mako.