Da wane harshe muke kiran jarin ƴan ƙetare?

Duk lokacin da aka ta da zancen jawo jarin ƴan Nijar mazauna ƙetare, hankali yakan tafi ga likitan da ke Faransa ko injiniyan da ke Kanada. Muna buƙatarsu, babu shakka. Amma ɗimbin masu aiko kuɗi gida suna kasuwannin Lome, Abijan, Akara da Kano, kuma da Hausa ko Zabarmanci suke ciniki. Takardun banki da na kafa kamfani kuwa da Faransanci suke zuwa, har sai mai fataucin albasar Galmi ya nemi tafinta kafin ya san inda dukiyarsa za ta shiga. Wa zai zuba jari cikin abin da bai gane ba?

Tun 2025 Hausa ta zama harshen ƙasa. Kalmomin hannun jari, lamuni da inshora na jiran masu daidaita su, kuma a ganina wannan aikin sashenmu ne.