Wutar mota ma sai da manhaja?

Tun da Majalisar Dattawa ta yi wa ƙudirin Sanata Orji Uzor Kalu na motoci masu aiki da lantarki karatu na biyu a Nuwamban 2025, 'yan gayun fasaha na Legas da Abuja suka samu abin yi. Bakinsu ɗaya: tashar caji ta zamani ba ta buƙatar ɗan Adam. Direba ya sauke manhajar kamfani a wayarsa, ya yi rajista da imel, ya zuba kuɗi a asusun manhajar, ya haska lambar da ke jikin na'ura, shi ke nan wuta ta kama. Wanda hakan bai yi masa ba, a yanka masa katin kamfani. Suna faɗi suna jinjina wa juna kai. Ba a ji wanda ya tsaya ya tambaya yadda wannan tsari zai kaya a Kunci ko Tsanyawa ko Makoɗa ba.

Ai mai Hyundai Kona ɗin da aka haɗa a Legas ba shi zai fara neman caji a arewacin Kano ba. Wanda fetur ya kwantar shi ne zai fara. Daga ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya tafi, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Ɗan acaɓan da ke ɗauko buhun gero daga ƙauye zuwa Dawanau, da mai adaidaitar da ke jigila tsakanin Bichi da Bagwai, da manomin ranin Watari da na Tomas da ke neman yadda zai rabu da injin ban-ruwa mai shan mai ya koma na sola, su ne kasuwar. Da yawansu ƙaramar waya mai madannai ke aljihunsu, wadda ake haska hanya da ita da daddare. Mai babbar wayar ma data yake saya ta kwana ɗaya, balle tun da NCC ta yarje wa kamfanonin sadarwa ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Wannan bawan Allah ake so ya buɗe imel kafin ya tayar da abin hawansa.

A ƙaddara ranar Lahadi ce, kasuwar Dambatta ta cika ta batse, batirin babur saura ƙiris. Ya isa tasha, ya buɗe manhaja, tana ta juyawa don sabis ya yi nauyi. Da ƙyar ya tura kuɗi, alat ya shigo cewa an cire, na'ura kuwa ko gezau. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban mai POS ya san wannan tashin hankalin, amma can aƙalla akwai mutum a ƙarƙashin lema da za a yi cacar baki da shi, ya ciro 'yar takarda ya nuna cewa bai shiga ba, ya ce a yi haƙuri za su dawo da shi. A tashar da babu kowa, da wa za a yi? Gobe direba ya bar aiki ya tafi banki a Bichi ko cikin birni ya cike fom, a ce ya jira kwanakin aiki. Mai babur ɗin fetur idan ya ƙafe a hanya, ɗan bumburutu na bakin titi da kwalbarsa. Wutar lantarki ba a ɗebo ta a jarka.

Abin da masu tallar ba sa so a tono kuwa shi ne asusun nan da ake zuba kuɗi tun kafin a sha wuta. Kowane kamfani da manhajarsa da katinsa. Kuɗin da direba ya zuba wa kamfanin da ke hanyar Katsina ba zai yi masa rana a tashar wani kamfanin da ke hanyar Daura ba. Dubu biyu can, dubu ɗaya da rabi nan, duk a maƙale, kamfanoni na juya su kyauta. Mutumin da abin da ya samu da safe shi ake cefanen dare da shi aka mayar mai ba kamfani rance. Ranar da kamfanin ya naɗe tabarmarsa kuma, sai a bi wani sarkin.

Abin dariyar, Turawan da ake kwaikwayo sun riga sun sha wannan wahala sun tuba. Direbobinsu sun yi shekara da shekaru suna yawo da tarin katuna da manhajoji, har gwamnatoci suka tsoma baki. Daga 13 ga Afrilun 2024, dokar Tarayyar Turai ta wajabta wa duk sabuwar tashar caji ta jama'a mai ƙarfin kilowat 50 zuwa sama ta karɓi katin banki na yau da kullum, ba rajista, ba zama ɗan ƙungiya. A Birtaniya, dokar 2023 ta ce a bayyana farashin kowane yunit ƙarara, a samar da layin neman taimako kyauta dare da rana, kuma daga Nuwamban 2024 tashoshi masu saurin caji su karɓi kati ta taɓawa kawai. Ƙasashen da sabis ba ya ɗaukewa ke nan. Abin da suka zubar a bola shi 'yan uwanmu suka tsinto suna kakkaɓewa, wai ci gaba.

Za a ce tsabar kuɗi na janyo ɓarayi, kuma ma'aikaci zai yi ha'inci. To gidajen man da ke kan titin Kano zuwa Katsina shekara nawa suka yi suna karɓar tsaba, sun rushe ne? Na'urar da ta iya karanta lambar waya ai ta iya ƙirga yunit ɗin da ta sayar, da yamma a yi lissafi da yaro. Za a kuma ce albashin ma'aikaci tsada ne. A jihar da matasa ke zaman kashe wando a bakin titi, wannan magana ma abin kunya ce.

Kuma sana'ar ba baƙuwa ba ce. Babu ƙauyen kirki a arewacin Kano da ba shi da ɗan caji. 'Yar rumfa ce ko shago, an kafe katako da soket jere-jere, wayoyi sun kwanta reras, janareta na ruri a baya ko farantin sola a kan kwano. Ka miƙa wayarka, ya manna mata lamba, ya ba ka ɗan kati mai irin lambar, ka tafi harkarka. Ka dawo ka biya da tsaba, ko ka yi masa taransifa, idan kuma ya san ka ya ɗaga maka ƙafa zuwa ranar kasuwa. Bai taɓa tambayar kowa imel ba. Yaran nan sun shekara suna sayar da wuta da sisi da kwabo a inda turakun KEDCO suka zama wurin hutawar tsuntsaye, amma ba a taɓa gayyatar ɗayansu taron tsara manufa ba, don ba ya jin Turanci.

Kano ma ta taɓa ganin irin wannan wayon. A Fabrairun 2021 'yan adaidaita sahu suka ajiye aiki kan harajin naira 100 na kullum da KAROTA ta sa, kuma cikin manyan koke-kokensu har da cewa an tilasta biya ta intanet, ta Remita. Birni ya tsaya cak, ma'aikata da 'yan makaranta suka taka a ƙasa. A cikin birni ke nan, inda shagunan intanet suke ko'ina.

Duk cutar guda ce, kuma gidanta Babban Banki. Waɗanda suka zauna a ofis mai sanyi suka sauya fasalin naira 200 da 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, su ma ce mana suka yi zamani ne. Abin da ya biyo baya a farkon 2023 ba abin mantawa ba ne: manomi ya kai akuya kasuwa babu mai tsabar saye, ya karyar da ita ga mai 'yan sababbin takardu, mata masu ƙosai da fura suka tashi ba ciniki, aka koma sayen naira da naira a hannun masu POS. Sai da jihohin Kaduna da Kogi da Zamfara suka garzaya Kotun Ƙoli, Kano ta bi sahu, kafin hukuncin 3 ga Maris ya dawo da tsofaffin kuɗi. Gwamnan bankin na lokacin, Godwin Emefiele, ya bar kujera, amma tunaninsa na nan daram a kawunan yaransa. Ita kuwa eNaira da Buhari ya ƙaddamar a Oktoban 2021 da kiɗa da bushe-bushe, masu bincike na IMF sun gano fiye da kashi 98 cikin ɗari na asusunta ba a taɓa su a mako. Wanda ya san mai sayar da tumatir ɗaya a Badume da ke karɓar ta, ya faɗa.

Sabis ɗin da za a rataya tafiyar mutum a kansa ma ba abin dogaro ba ne. A Satumban 2021 gwamnati ta rufe layukan waya a Zamfara da ƙananan hukumomi 13 na Katsina saboda 'yan bindiga. Miliyoyin layuka an toshe su a rikicin haɗa NIN da SIM. A Oktoban 2024 kuma Arewa ta shafe fiye da mako cikin duhu bayan manyan layukan wuta sun lalace. Tashar da za ta yi amfani a Shanono dole ta tsaya da ƙafarta, da sola da batiri, irin wadda hukumar motoci ta NADDC ta buɗe a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021 zamanin shugabanta Jelani Aliyu. A gina tasha mai cin gashin kanta daga KEDCO, sannan a ɗaure ta da igiyar intanet, wannan wace irin dabara ce?

Mataimakin Shugaban Majalisar Dattawa, Barau Jibrin, Kano ta Arewa yake wakilta. Bichi da Dambatta da Bagwai duk mazaɓarsa ce. Kafin ƙudirin nan ya zama doka, yana da ikon sa a cusa masa sakin layi guda: duk tashar caji ta jama'a ta ajiye ma'aikaci, ta rubuta farashin yunit a allo, ta karɓi tsaba da taransifa da katin kowane banki, kuma kada a hana kowa wuta don ba shi da manhaja. Kamfanin da ke son manhajarsa ya riƙe abarsa, ya tallata wa mutanen Maitama.