Waiwaye: Majami'ar Laka ta Tolpuddle

A kudancin Ingila, cikin yankin Dorset, akwai wani ƙauye da ake kira Tolpuddle. Titi ɗaya ne ya ratsa shi, gidaje jere dama da hagu. A bakin titin nan akwai wani ɗan ɗaki wanda baƙo zai wuce bai ko ɗaga kai ba. Da laka aka yi bangonsa, laka da aka kwaɓa da ciyawa, kamar yadda maginanmu ke kwaɓa ƙasa da ramno. A 1818 aka gina shi, kuma shi ne majami'ar farko ta mabiya Methodist a garin.

Masu ita ba su da yawa, ba su kuma da komai. 'Yan ƙwadagon gona ne, masu wuni a gonar wani su karɓi lada ƙarshen mako. Tun 1810 suke taruwa a gidan ɗayansu, da ɗakin ya yi musu kaɗan suka samu fili kusa da gidan wani ɗan'uwansu, Thomas Standfield, suka ɗora gini. Ranar da aka buɗe majami'ar, cikin Oktoban 1818, 'yan gari suka yi dafifi a bakin hanya, suka raka baƙin da suka zo bikin da jifa. Haka ikilisiyar ta fara.

Me ya yi zafi haka? A ƙauyen Ingila na wancan zamani iko a hannun mutum biyu yake: mai ƙasa, wanda galibi shi ne majistare, da limamin Cocin Ingila. Gidan da kake ciki na maigida ne, gonar tasa ce, ranar Lahadi kuma ka je cocinsa ka zauna a bencin baya. Duk wanda ya tsallake wannan coci ya tafi wani ɗakin laka ya saurari ɗan ƙwadago irinsa yana wa'azi, to ya nuna yana da kunnen da ba na maigida ba.

John Wesley, wanda ya kafa tafarkin Methodist, limamin Cocin Ingila ne, har ya mutu a 1791 bai ce ya fita ba. Sai dai ya bar wani tsari da ya fi wa'azinsa tasiri. Ya kasa mabiya ƙungiya-ƙungiya, kamar mutum goma sha biyu kowace, da jagora daga cikinsu. Su haɗu mako-mako, kowa ya faɗi halin da zuciyarsa ke ciki, kowa ya ajiye kwabo ɗaya, jagora ya rubuta. Da yake fastocin ba su isa ba, aka yarje wa talakawa masu baki su riƙa wa'azi, ba albashi, ba rigar limanci. Mutum ya yi noma kwana shida, ranar Lahadi ya taka da ƙafa zuwa ƙauyen da aka rubuta masa a jadawali.

George Loveless ɗaya ne daga cikin irin waɗannan, haka ƙanensa James. Manomi ne da ke karatu da dare bayan an tashi aiki. A ɗakin lakar nan ya saba tsayawa gaban jama'a ba tare da murya ta yi rawa ba, ya saba da littafin lissafi, ya san yadda ake kiran taro da yadda ake sallamarsa. Wesley bai tsara wannan don a yi jayayya da masu gonaki ba, shi kansa mai biyayya ga sarauta ne. Amma wanda ya koyi tara kwabo don ibada, ran da yunwa ta shigo gida ba sai an koya masa tara kwabo don ciki ba.

Yunwar kuwa ta shigo. Bayan tarzomar 'yan ƙwadagon gona ta 1830, wadda ta mamaye kudancin Ingila, aka yi zama da masu gonakin Tolpuddle, suka yi alkawarin biyan abin da ake biya a maƙwabta, sule goma a mako. Sule tara suka bayar. Daga nan suka mayar takwas, suka mayar bakwai, suka ce shida na tafe. Loveless ya rubuta daga baya cewa limamin cocin garin, wanda ya tsaya shaida a kan alkawarin, ya musanta da aka neme shi.

Cikin Oktoban 1833 suka kafa ƙungiyar taimakon juna ta 'yan ƙwadagon gona. Kuɗin shiga sule ɗaya, sai kwabo ɗaya duk mako. Kwabon nan dai, wanda suka saba ajiyewa a majami'a. A benen gidan Standfield ake karɓar sabon ɗan ƙungiya: a ɗaure masa ido, a buɗe ya ga zanen ƙwarangwal, ya rantse ba zai tona asiri ba. Ni dai ina ganin wannan ƙwarangwal wauta ce da suka kwaikwayo daga ƙungiyoyin birni, kuma ita ta ba maƙiyinsu igiya.

Kafa ƙungiyar ƙwadago ba laifi ba ne a lokacin, tun 1824 aka soke dokar da ta hana. Saboda haka James Frampton, mai ƙasa kuma majistare, ya rubuta wa Lord Melbourne, ministan cikin gida, yana neman mafita. Aka tono wata doka ta 1797 da ta haramta rantsuwar ɓoye, wadda aka yi saboda boren sojojin ruwa. Da asubahin 24 ga Fabrairu 1834 ɗan sandan ƙauye ya kama mutum shida: George da James Loveless, Thomas Standfield da ɗansa John, James Brine da James Hammett. Aƙalla huɗu daga cikinsu 'yan majami'ar lakar ne, 'yan uwan juna kuma, don matar Standfield 'yar gidan Loveless ce. Aka kora su da ƙafa mil bakwai zuwa Dorchester.

Shari'ar ba ta ɗau lokaci ba. Frampton da kansa yana cikin manyan da suka tantance ƙarar, shugabansu kuwa surukin Melbourne ne. Kura ce aka ba ajiyar nama. Loveless ya miƙa 'yar takarda yana cewa ba su taɓa mutuncin kowa ko dukiyar kowa ba, sun haɗa kai ne don kada su da matansu da 'ya'yansu su mutu da yunwa. Alƙali John Williams ya ce hukuncin don ya zama darasi ne ga saura, ya yanke musu shekara bakwai a Ostireliya. Biyar aka kai New South Wales, George kuma tsibirin da yanzu ake kira Tasmaniya. Matan da suka bari suka nemi tallafin gajiyayyu, majistarori suka hana.

Nan ne wurin da nake so mu daɗe. An kwashe masu wa'azi biyu da Standfield da ɗansa, wato an cire wa ɗakin ginshiƙansa. Kowa zai zaci uwar cocin za ta tashi tsaye. Ba ta tashi ba. Shugabannin Methodist na reshen Wesley, ƙarƙashin Jabez Bunting, sun daɗe suna wahalar nuna wa hukuma cewa su ba 'yan tawaye ba ne, mutanen kirki ne masu biyan haraji. Sun samu manyan majami'u a birane, da attajirai masu masaƙu a sahun gaba. Ba su ga dalilin zubar da wannan mutunci saboda manoma shida ba, sai suka yi gum. Ina fahimtar tsoronsu, don ba a daɗe da daina jifansu ba. Amma fahimta daban, wankewa daban. Tsarinsu ne ya koya wa Loveless magana, da maganar ta jawo masa sarƙa suka yi kamar ba su san shi ba.

Waɗanda suka tsaya musu 'yan ƙwadagon birni ne, da yawansu ba ruwansu da coci. Ranar 21 ga Afrilu 1834 dubun dubata suka taru a filin Copenhagen da ke Landan, suka yi jerin gwano da takardar koke. Sa hannun da aka tara a faɗin ƙasa ya kai 800,000. Su ne suka yi karo-karo suka ciyar da iyalan. A Maris 1836, zamanin da Lord John Russell ke riƙe da ma'aikatar cikin gida, aka yi musu afuwa. George ya iso gida a 1837, huɗu a 1838, Hammett a 1839.

Ba su zauna a Tolpuddle ba. Kwamitin da ya yi musu fafutika ya kama musu hayar gonaki a Essex, can ma limamin coci da masu ƙasa suka sa su gaba. Cikin shekarun 1840 biyar suka kwashi iyali suka haye Kanada, suka sauka wajen garin Landan na Ontario, suka rufe bakinsu game da abin da ya wuce. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne George bai yi fushi da addininsa ba. A can ma ya sa hannu aka gina majami'ar Methodist, ya ci gaba da ibada har ya rasu a 1874. Hammett kaɗai ya koma ƙauyen, ya yi aikin gini, ya makance, ya mutu a gidan gajiyayyu na Dorchester a 1891.

Ɗakin lakar kuwa, cikin shekarun 1840 ɗin nan aka daina ibada a cikinsa. A daidai lokacin cocin na da ƙarfin tura mai wa'azi Thomas Birch Freeman har Badagry, inda ya sauka a 1842, amma ɗakinta na Tolpuddle ya koma ma'ajiyar kayan gona. 'Yan tsirarun da suka rage ba su watse ba, a farkon shekarun 1860 suka gina sabuwar majami'a a garin.

Sai a 1912, bayan mutanen shida duk sun kwanta dama kuma ƙungiyoyin ƙwadago sun samu kujeru a majalisa, aka kafa ƙofar tunawa da su a gaban sabuwar majami'ar. Arthur Henderson na jam'iyyar Labour, shi ma mai wa'azin Methodist, ya buɗe ta. A 1934 uwar ƙungiyar ƙwadagon Birtaniya ta gina gidaje shida da sunayensu. Yanzu duk watan Yuli ana cika ƙauyen da tutoci da badujala, shugabannin coci na zuwa su yi addu'a, suna kiran mutanen nan 'ya'yansu.

Shekara da shekaru aka yi ana wannan biki tsohon ɗakin na nan a gefen titi, bango na tsagewa, ƙofa a garƙame, 'yan jerin gwano na wucewa ta gabansa. A 2015 wasu mutanen yankin suka kafa gidauniya suka saye shi. Da aka zo gyara, sai da aka nemo maginan da har yanzu suka iya kwaɓa laka.