Yaron Da Ke Ƙuryar Ɗaki: Wa Zai Miƙar Masa Da Hannu?

A lungunan Hotoro da Tarauni akwai gidajen da idan baƙo ya yi sallama sai a yi maza a shigar da wani yaro ƙuryar ɗaki. Wuyansa bai tsaya ba, yatsunsa a dunƙule, ko cokali ba ya iya riƙewa. Wasu su ce ɗan ruwa ne, wasu su ce aljanu ne suka yi musaya. Subhanallahi! Ɗan Adam ne da Allah Ya karrama, kuma amana ne a wuyan iyayensa da al'ummarsa.

Larurarsa rauni ce da ta sami ƙwaƙwalwa tun yana ciki, ko wajen haihuwa, ko yana jariri. Doguwar naƙuda da ta hana shi numfashi kan jawo ta, haka shawarar jarirai da aka yi wa sakaci, da sanƙarau. Ba shan inna ba ce, wadda aka tabbatar an kawar da ƙwayarta ta asali daga Afirka a 2020. Raunin ba ya ƙaruwa, amma hannun da aka bari ba motsi yakan ƙara sandarewa.

To me duniya ke yi a kai? Tun 1989 masana a jami'ar MIT ta Amurka suka fara ƙera wata na'ura mai suna MIT-Manus. Da farko don manya masu shanyewar ɓarin jiki aka yi ta, daga baya aka gwada ta ga yara. A ƙasar Ostiriya kuma an ƙera Amadeo, wadda ake maƙala wa kowane yatsa. Yaro na kallon wasa a allon kwamfuta, yana ƙoƙarin motsa yatsa. Inda ƙarfinsa ya ƙare sai na'urar ta ƙarasa masa, a yi ta yi ɗaruruwan sau a zama guda.

A nan ne ya kamata matasa su tsaya su yi tunani. Ba tsafi a cikin ƙarfen nan. Sirrinsa maimaici ne, domin ƙwaƙwalwar yaro tana buɗe sabbin hanyoyi gwargwadon yadda aka nanata mata aiki, kamar yadda ɗalibi ke tilawa har karatu ya zauna. Na'urar ba ta warkarwa gaba ɗaya, ga tsada, ga son wutar da ba ta ɗaukewa. Shin sai talaka ya naɗe hannu yana jiran ta? A'a!

Daga Hotoro zuwa asibitin Malam Aminu Kano da ke Gyadi-Gyadi tafiyar A Daidaita Sahu ce, kuma akwai sashen gashin ƙashi a can, haka ma asibitin ƙashi na Dala. Likitocin gashi kan koya wa iyaye atisayen da za su riƙa yi a gida: ɗaukar murafen kwalba, matsa soso, riƙe kofi da hannu biyu. Matsalar ita ce uwa ɗaya ce ke goyo, ga girki, ga sauran yara, ga gorin dangin miji. Takan je sau biyu sau uku, kuɗin mota ya ƙare, ta haƙura.

Ina samarin da ke kwana a bakin titi kan gardamar ƙwallon Turai? Saurayin da zai ba ƙaninsa ko ɗan maƙwabcinsa rabin awa bayan la'asar, bisa abin da likita ya tsara, ya kama hanyar yin aikin da aka ƙera na'urar dominsa. Majalisar da ke tara kuɗin anko ba za ta kasa tara kuɗin mota ba.

Sannan waɗannan samari su ne magidantan gobe. Kowa ya ƙudurta cewa matarsa za ta je awo, ba za a bar ta kwana biyu tana naƙuda a gida ba, kuma in idon jariri ya yi rawaya asibiti za a nufa a ranar, ba jiƙo ba.

Allah Ya ba waɗannan yara lafiya, Ya saka wa iyayensu mata, Ya farkar da masu barci. Wassalam.